Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitoci da ma'aikatan jinya: ku tambayi mai jikin

Zuwa ga likitoci, nas-nas da shugabannin asibitocinmu na Arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sannu da aiki, ni tsohuwar malamar makaranta ce da ta ajiye alli, yanzu kuma ina cikin masu zaman benci a layin ganin likitan hawan jini. Da yawanku sa'o'in 'ya'yana ne, wasu ma jikoki, don haka zan yi muku magana yadda uwa ke yi wa nata, ba kwana-kwana. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Kukana ɗaya ne. In aka kawo muku tsoho ko tsohuwa, da ɗan rakiya kuke magana. Kafin mu gama zama a kujera kun tambaya, "Wa ya zo da Baba?" ko "Ina mai jinyarta?" Daga nan fuskarku ta koma wajen ɗan, harshe ya juye zuwa Turanci, a tattauna ciwon, a tattauna kuɗin, a tsayar da ranar aiki, mai ciwon na zaune yana bin bakinku da ido. A ƙarshe a juyo a ce, "Baba, ɗan aiki za a yi maka, ba wani abu ba ne," a kama babban yatsansa a dangwala a takardar da ba wanda ya karanta masa. Wani lokacin ma ba a kaiwa ga yatsan, ɗan ne ke sa hannu. Na ga an yi wa mutanen da suka shugabanci ma'aikatu haka, na ga an yi wa matan da suka riƙe gida shekara hamsin suka aurar da 'ya'ya da jikoki. Na san ba wulaƙanci kuke nufi ba, cikin ladabi kuke yi, har da rusunawa. Amma dai an yanke hukunci a kan jikin mutum ba a ji ta bakinsa ba.

Na san dalilanku, kuma ban raina su ba. Likita ɗaya ne, layi ya kai bakin ƙofa, abokan aikinsa sun tafi Saudiyya da Ingila sun bar masa nauyinsu. Yi wa saurayi mai jin Turanci bayani minti biyu ne, tsohuwa mai nauyin kunne kuwa sai an maimaita. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, wato aljihu. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, har da tsofaffi, amma mafi yawanmu har yau da kuɗin gida muke ganin likita. Wanda ya je wajen biya ya dawo da rasit, shi ake ɗauka mai magana. Sai dai ku riƙa tambayar kanku daga ina kuɗin ya fito. Sau da yawa gonar tsohon aka jinginar, ko saniyarsa aka kai kara, ko sarƙar da tsohuwar ta ajiye don Umara aka kai kasuwa. Ɗan ya riƙo kuɗin ne kawai. Kuma ko da guminsa ne tsantsa, biyan kuɗin magani bai mayar da jikin mahaifinsa nasa ba.

Abin da nake roƙo doka ce da ke kanku tuni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da hanyoyin gwaji da na magani da ake da su, da amfanin kowace hanya da haɗarinta da kuɗinta, da kuma cewa yana da ikon ya ce ba ya so, a bayyana masa abin da ƙin zai jawo. Sashen ya ƙara da cewa gwargwadon iko a yi bayanin da harshen da mutum ke ji, a yi la'akari da zurfin karatunsa. Babu inda ya ce haƙƙin na ƙarewa ranar da mutum ya cika sittin ko saba'in. A watan Yulin 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata. Na sha ganinsa manne a bango, da Turanci, a saman kan mutanen da ba za su iya karanta shi ba.

Kotun Ƙoli ma ta yi magana tun 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo. Wata mata ce 'yar Shaidun Jehobah ta ƙi yarda a yi mata ƙarin jini saboda aƙidarta, likitan ya ci gaba da kula da ita bai tilasta mata ba, ta rasu. Kwamitin ladabtar da likitoci ya hukunta shi, magana ta kai har Kotun Ƙoli, kotun ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Da 'yata ce, da na roƙe ta har da hawaye ta karɓi jinin. Amma idan doka ta tsaya wa mai ƙin jini, ban ga yadda za a hana amsa ga tsohon da ke tambayar wane irin aiki za a yi masa ba.

Wasu za su ce wannan tsarin Turawa ne, mu a wajenmu iyali ke yanke shawara. To mu koma gida. A cikin Bukhari da Muslim, Nana A'isha ta ba da labarin jinyar ƙarshe ta Manzon Allah (SAW). Sun ɗura masa magani ta gefen baki yana yi musu nuni da kada su yi, suka ce ai ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo ya tuna musu cewa ya hana su, ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin, ban da Abbas da bai halarta ba. Ku duba hujjar da suka kafa, ita ce dai muke kafawa yau: ciwo ne ke sa shi faɗin haka, kada a biye masa. Kuma masoyansa ne suka yi, da kyakkyawar niyya. A wannan jinyar ce kuma ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin A'isha, wato shi ya zaɓi inda zai kwanta. Ayar da ta hana a ce wa iyaye "uf" in sun tsufa, kowa ya haddace ta. Ni dai a ganina, a yi ta magana a kanka kana zaune kamar ba ka nan ya fi "uf" ciwo.

Bari in faɗa muku wani abu game da mu, domin laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Tsohon Bahaushe ba ya buɗe ciki da tambaya ɗaya. Ka ce masa "Baba ya jiki?" zai ce da sauƙi, ko da daren jiya bai runtsa ba. Ka ce za a yi kaza, zai ce "duk yadda kuka gani, likita," ko "duk abin da yaran suka ce." Kawaici ne da kara. Ya ga ɗansa ya baro aiki ya kawo shi, ya ga an kashe kuɗi, ba ya so ya zama mai wahalarwa. Ku kuma sai ku rubuta ya amince, a koma gida maganin ya ƙare a ƙarƙashin katifa. In kuna son gaskiyarsa, ku sauya tambayar. Ku ce, "Baba, me ciwon nan ya hana ka yi wanda ya fi damunka?" Za ku ji amsoshin da ba sa cikin fayil. Wani zai ce sujada, wani ya ce tafiya masallaci da ƙafarsa, wata ta ce shiga bayi ba tare da an riƙe ta ba, wani ya ce so yake daminar bana ta same shi a gonarsa. A kan wannan amsar ya kamata a gina maganin, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai kunya. A cikinta kuka taso, amma da kun sa farar riga sai ku manta. Akwai uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, sai ga shi shi ya kawo ta, yana tsaye a kanta, kuna tambayarta ta bakinsa ko tana ganin jini. Wallahi a'a za ta ce. Ku kuwa kun fi ni sanin cewa jini bayan al'ada ta daɗe da ɗaukewa yana iya zama alamar ciwon daji na mahaifa ko bakinta, kuma da wuri ake cin ƙarfinsa. Haka dattijon da fitsari ke yi wa gardama ba zai faɗa a gaban 'yarsa ko surukarsa ba, sai ranar da ya toshe gaba ɗaya aka kwaso shi da tsakar dare. Maganin wannan ko sisi ba ya ci: a ce wa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje. Ku za ku faɗa, a matsayin ƙa'idar da ake yi wa kowa, domin ita ba za ta iya korar ɗanta ba. In likitan ba ya jin Hausa, ko tsohuwar Fulatanci ko Kanuri kawai take ji, a nemo ma'aikaciya ta yi tafinta. Ɗa yana tace magana, wani don tausayi, wani don kunya, wani kuma, Allah ya kyauta, don yana da ra'ayi a kan abin da za a kashe.

Ku ɗauki abu mai sauƙi kamar maganin nan mai sa fitsari. An rubuta wa wani maƙwabcinmu shi, ba a gaya masa abin da zai yi masa ba. Mutum ne ɗan sahun farko, bai san sallah a gida ba. Kwana kaɗan ya ga alwala ba ta riƙuwa, kafin ya kai masallaci ya matsu, sai ya ajiye maganin shiru, 'ya'ya na can suna saye duk wata. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama, aka koma asibiti, aka yi masa faɗa wai ba ya jin magana. Da an zauna da shi tun farko, da an nemo lokacin sha da zai dace da sallolinsa. Robar fitsari ma haka. Tsoho kan ƙi ta ne sau da yawa don yana ganin sallarsa ta ɓaci, alhali malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi ga wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba. Wanda bai tambayi dalilin ƙin ba, ina zai san malami ake buƙata a nan? Kuma ku tambaye mu abin da muke sha wanda ba ku kuka rubuta ba. Akwai jiƙo a bayan gado, akwai haɗin da yaron kemis ke ƙullawa a leda don ciwon gwiwa, sau da yawa da diclofenac ko ibuprofen a ciki, masu tayar da hawan jini su taɓa ƙoda. Ɗan da ke zaune a Abuja bai san da su ba, mai shan kuwa ba zai faɗa wa wanda bai kalle shi ba.

Azumi kuwa, ku daina cewa "Baba ba zai yi azumi ba" kuna kallon ɗansa. Zai yi. Mutumin da ya shekara sittin bai sha ko ɗaya ba, ba zai fara sha don an faɗa wa wani a kansa ba. Zai ɗauka a ɓoye, ya haɗiye ƙwayar suga da sahur kamar kullum, irin su glibenclamide da ke iya kayar da suga ƙasa warwas, a tsince shi da la'asar yana gumi ba ya gane mutane. A zauna da shi tun watan Sha'aban, a gaya masa matsayin haɗarinsa, a sauya ƙwaya ko lokacinta in da hali, a koya masa alamomin da in ya ji su dole ya karya. In kuma ciwon ya kai inda azumin zai cutar da shi, shi za a gaya wa, ido da ido, a tuna masa rangwamen da Allah ya yi wa mara lafiya da tsoho.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, "Ai ya rikice, tsufa ne." A nan nake so ku yi hattara ƙwarai. Da yawa cikin waɗanda ake cewa sun rikice, kunne ne ya yi nauyi ko yanar ido ta rufe su, ana yi musu magana da sauri a ɗaki mai hayaniya, sai su amsa abin da ba a tambaya ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran kula da tsofaffi da ake kira ICOPE, kuma gwajin farko da ke cikinsa ba ya buƙatar wata babbar na'ura: a faɗa wa mutum kalma uku a ga ko zai tuna su, a yi masa raɗa a ga ko ya ji, a ce ya tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba. Jagoran ya ce tsarin kulawar da zai biyo baya, tare da mutumin za a tsara shi, bisa abin da shi ya sa a gaba. Sannan akwai rikicewar da ke zuwa farat ɗaya, tsohuwar da jiya take lissafin adashi yau ba ta san inda take ba. Wannan sau da yawa sanyin mafitsara ne, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani, kuma takan washe in an magance sanadin. A irin waɗannan kwanakin ne ake yanke manyan shawarwari, in ta dawo hayyacinta kuma ba mai komawa ya tambaye ta. In ba gaggawar ceton rai ba ce, a jira ta.

Abokan karatunku da suka tafi Ingila suna aiki ne a ƙarƙashin wata doka ta 2005 da ta ce a ɗauki kowane baligi mai iya yanke wa kansa shawara ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma don ya zaɓi abin da likita ke ganin wauta ce, wannan bai isa a ce ba shi da hankali ba. Yaronmu da ya yi karatu a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri yana can ya rusuna a gaban gadon tsohuwar Baturiya yana tambayarta ko ta yarda a ɗebi jininta. Ina so a yi wa uwarsa haka a nan.

Ko wanda mantuwa ta kama da gaske, ba komai ya rasa ba. Wataƙila ba zai iya auna maganar tiyata ba, amma ya san wanda ba ya so ya yi masa wanka, ya san kunun da yake so, ya san ɗan da hankalinsa ke kwanciya da shi. Shi ya sa nake roƙon a tambaye mu tun muna da sauran kaifi: in ranar ta zo da ba za ka iya magana ba, wa kake so ya yi magana a madadinka? A rubuta sunan a fayil. Kada ku ɗauka kai tsaye babban ɗa ne. Sau da yawa 'yar da ke kwana a gabanta tana wanke mata kaya ta fi kowa sanin abin da take so, amma in an zo shawara sai a ce ta yi shiru maza na magana, a buga wa yaya waya yana Legas ya yanke.

Maganar da ta fi min nauyi ita ce ta ɓoye ciwo. 'Ya'ya su ja likita gefe su ce, "Don Allah kada a gaya masa daji ne, zai karaya." Na fahimci tausayin. Dokar 2014 ɗin ma ta yarda a yi shiru inda akwai ƙwaƙƙwarar hujjar cewa faɗin zai cutar da majiyyaci. Amma abin da aka bari don lalura ya zama shi ne al'ada. Ku tuna me ake hana mutum in an ɓoye masa. Akwai bashin da shi kaɗai ya san da shi, akwai amanar marayu a hannunsa, akwai filin da aka saya da sunansa alhali na ƙaninsa ne, akwai ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji yana so su yafi juna. Hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba. Rigingimun gado nawa ne ke gaban alƙalai yau saboda an yi ta ce wa mai dukiyar "olsa ce, za ka warke" har bakinsa ya rufe? Kuma kada ku zaci ba ma ganewa. Mutum ya ga ana raɗa a bakin ƙofa, ya ga 'yar da ke aure a nesa ta zo ba biki ba suna, ya ga jikinsa na zubewa. Ya sani. An dai bar shi shi kaɗai da sanin, yana yi musu kara suna yi masa. Akwai tsofaffin da da gaske ba sa son jin sunan ciwon, kuma haƙƙinsu ne. Hanyar ganewa ita ce a tambaya tun kafin sakamako ya fito: "Baba, in gwajin ya dawo, kai za mu yi wa bayani dalla-dalla, ko akwai wanda ka fi so mu gaya wa?"

Haka wankin ƙoda. Kafin a fara yi wa dattijo ɗan tamanin, ya kamata ya ji da kunnensa cewa abu ne na sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, kowane zama da kuɗinsa mai nauyi, kuma in ƙodar ta gaza ne gaba ɗaya babu ranar dainawa sai ko an yi dashe. Wani zai ce a yi ko nawa ne, yana so ya ga auren autarsa. Wani zai ce kada a sayar da gidan da iyalinsa za su zauna, a kai shi gida a rage masa raɗaɗi. Dukansu masu hankali ne. Na san 'ya'ya na tsoron bakin duniya, kada a ce sun bar ubansu ya mutu don rowa, shi ya sa ake ɗaukar mutumin da kwanansa ya ƙarato a hau jirgi da shi zuwa Masar ko Indiya, ya cika a can cikin baƙi, alhali da an tambaye shi da ya ce a bar shi a ɗakinsa, maƙwabta su yi masa sallah. Likita ne kaɗai zai iya sauke musu wannan nauyi, in ya faɗi gaskiya a gaban tsohon da 'ya'yan tare. Wanda kuma ya ce ba ya so a yanke masa ƙafa, ko ya ce a mayar da shi gida, kada a miƙo masa takarda ya sa hannu a juya masa baya. Har yanzu majiyyacinku ne, yana buƙatar wankin ciwo da maganin zafi.

Ban ce a kori iyali ba. Ina! 'Ya'yanmu ne ke kwana a tabarma a barandar asibiti, su ke juya mu, su ke zubar da fo, su ke yawon neman jini. Babu tsarin da zai yi aiki ba da su ba, mafi yawanmu ma ba ma son yanke komai sai da su. A yi shawarar da kowa, amma mai jikin na zaune a ciki, a fara da jin nasa.

Ku kuma shugabannin asibitoci, akwai abin da ke hannunku wanda ba sai an jira Abuja ba. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, an amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi zalla tun 2012. Madalla, amma tsohuwar da ke kan benci ba ta ji a jikinta ba tukuna. A fassara takardar amincewa da tiyata da Hausa, boko da ajami, domin dattijon da kuke rubuta wa "bai yi karatu ba" wataƙila ya sauke Alƙur'ani tun ba a haifi iyayenku ba, ajami kuwa ya fi ku iya shi. A ƙara layi biyu a fayil, ɗaya na abin da majiyyaci ya ce ya fi damunsa, da kalmominsa, ɗaya na wakilin da ya zaɓa. Babban likita in ya zo zagaye da ɗalibai a bayansa, ya fara gaida mai gadon ya tambaye shi kafin ya buɗe fayil. Na koyar, na san yara abin da suka ga malam na yi suke ɗauka. A kwamitocin unguwa da ke sa ido kan ƙananan asibitoci kuma a sa tsofaffi, mata da maza, masu bin layin da kansu. Su za su gaya muku cewa matakalar ƙofa ta yi tsawo, bayin na tsugunno ne babu abin dafawa, kiran suna ta taga kuma ba ya isa kunnenmu.

Ranar sallama ma a gyara ta. Abin da ake yi yanzu, a miƙa wa ɗa leda cike da magani, a yi masa bayani a tsaitsaye, washegari ya koma bakin aikinsa a wani gari, a bar tsohuwa da ƙwayoyi kala shida da jikar da ke aji uku. A yi bayanin a gaban mai sha da wanda zai zauna da ita a gida. A ɗaura shi a kan lokutan da ta sani, wannan bayan asuba, wannan bayan isha'i, wannan sai an ci abinci, a ce ta maimaita da bakinta. Kusan kowane gida akwai waya. Nas ta yi bayanin da Hausa a ɗauki muryarta, a riƙa saurara in an manta. A gaya mata wane magani ne na dindindin, wanne ne na mako ɗaya, domin da yawanmu na ajiye na hawan jini ranar da kai ya daina ciwo, a zatonmu an warke. In ta dawo ganin likita kuma, kafin a ɗaura mata abin awo a tambaye ta wanne ta daina sha da dalilinta. Za ta faɗa in ta ga ba faɗa za a yi mata ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ladan aikinku. Wassalam.

Taku,
Wata tsohuwar malamar makaranta, daga Kano.